Zabuwar Gwaggo a Gindin Ceɗiya

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Gwaggo ta riga mu tafiya.

Ranar sadakar uku mata suka cika tsakar gidanmu na Koki. An ɗauko rumfar haya an kafa, an shimfiɗa tabarmi, amma tun kafin azahar zafin siminti ya ratso tabarmin, kowa sai gyara zama take yi kamar wadda aka ɗora a kan tanda. Wata ƙawar matar Yayana, wadda ba ta taɓa shigowa gidan ba sai ranar, ta ɗaga kai ta dubi sabon fenti da ƙofofin ƙarfe, ta ce, "Masha Allahu! A cikin birni, gida kamar na unguwar Nasarawa. Tsohuwa dai ta mori ɗa. Allah ya ba mu masu yi mana haka."

Aka amsa da amin. Ni ban amsa ba.

Can sai ga wata 'yar'uwarmu da aure ya kai Zariya tun da daɗewa. Ta fito daga soro da takalminta a hannu, ta buɗe baki za ta yi gaisuwa, sai ta tsaya cak. Ta dubi gabas, ta dubi yamma.

"Ina ceɗiyar?" ta ce. "Ina zabuwar Gwaggo?"

Wata ta ja mata gefen mayafi. "Zauna, ba yanzu ba."

Maƙwabciyarmu, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba ɗakinta da na Gwaggo, ba ta yi hawaye ba ko lokacin da aka fita da makara. Amma da ta ji wannan tambayar sai ta rufe fuska da hijabi, ta fashe da kuka har sai da aka kama ta aka fitar. Na ji wata budurwa a bayana tana tambayar uwarta ko marigayiyar kiwon zabi take yi.

Wannan ne ya zaunar da ni rubutu. Idan tun ba a yi bakwai ba an fara zaton zabuwar Gwaggo tsuntsuwa ce, to nan gaba kaɗan ba abin da zai rage sai labarin tsohuwar da ta mori ɗa.

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce. Mahaifiyarmu ta rasu ina kan nono, Yayana kuma ya fara makaranta ke nan. A lokacin Gwaggo ta dawo gidan mahaifinta bayan rasuwar mijinta, ba ta da ɗa ko ɗaya. Ba wanda ya ce ta ɗauke mu. Ta dai shigo ɗakin, ta sungume ni ta goya, ta kama hannun Yaya, shi ke nan. Ban san wata uwa ba sai ita.

Sau ɗaya ta taɓa haihuwa a duniya, ɗan bai zo da rai ba. Ta ba mu labarin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Tana kwance a asibiti, ba ta magana da kowa, sai dai ta zuba wa wani tsiro ido a bayan taga, a gindin bishiya. Ranar da aka sallame ta, wata nas 'yar kudu ta biyo ta da gudu har bakin ƙofa, riƙe da gwangwanin madara cike da ƙasa da ɗan dunƙulen tsiron. Da Hausarta ta 'yan koyo ta ce, "Mama, riƙe wannan. Kar ki koma gida hannu babu komai." Gwaggo ta kai shi gidan mijinta ta raine shi a bayan randa. Da ta dawo Koki, kafin a sauke akwatinta ta tsuguna a gindin ceɗiyar tsakar gida ta dasa shi.

Ba wanda ya san sunansa na asali. Ba ya tsayi, yaɗo yake yi a ƙasa. Ganyensa kore ne a tsakiya, gefensa fari kamar an tsoma a nono, da ɗigo-ɗigon fari a jiki. Saboda wannan zanen ta sa masa suna zabuwa, kuma da mace take kiransa. Ba ta mutuwa da wucewar damina kamar sauran ciyayi, shekara da shekaru tana nan. Sa'ad da na yi wayo ta riga ta rufe gindin ceɗiya daga bakin rijiya har jikin madafi, kamar an shimfiɗa darduma. Wanda ya shigo daga zafin lungu da rana tsaka, da ya fito daga soro sai ya ji kamar an watsa masa ruwan randa.

Baƙi kan tambaya, "Hajiya, ana miya da wannan?"

"A'a."

"To magani ne?"

"Na ido."

"Ɗigawa ake yi?"

"Kallo ake yi," in ji Gwaggo, ta ci gaba da abin da take yi.

Da ta idar da lazimin safe sai ta ɗauki buta. Ba ta zuba ruwa sai ta soka yatsa a ƙasa ta ji. "Ba ta son ƙishi, ba ta son iyo," haka take cewa. Ruwan wankin shinkafa da na alwala duk na zabuwa ne, amma wadda ta kuskura ta watsa ruwan sabulu a wurin, ranar sai ta gwammace kiɗa da karatu. Ganyen ceɗiya da ya zubo ba a share shi daga nan, da hannu take cusa shi ƙarƙashi ya ruɓe. Taki kuwa sai na awaki wanda damina ta riga ta dake shi, don sabo ƙona saiwa yake yi. Ta jera tsingaron tsofaffin tukwane ta yi mata iyaka, duk reshen da ya tsallaka sai ta datse, tana yi masa faɗa kamar yaro mai yawon dare. Da ruwan farko ya sauka sai ta rarraba inda ya yi cunkoso ta cike inda ya yi sanƙo. Da bazara, in rana ta sami kafa ta yamma ta leƙo, sai ta jingina tsohon asabari ta tare. Ta ce rana ba ta kashe ta farat ɗaya, farin take fara ci.

Aikin da ba ta bar wa kowa shi ne cire tsagwaron kore. Wani lokaci reshe kan fito babu fari ko ɗigo, ya fi sauran kauri da saurin yaɗo. In aka ƙyale shi sai ya danne masu zanen, wurin duk ya koma ciyawa kamar ta kowa. Ina ƙarama na ce mata, "Gwaggo, ai wannan ya fi lafiya, me ya sa kike tuge shi?"

Ta ce, "Mai ƙarfi ba ya neman mai tsaya masa. Ni mai rauni nake tsaya wa."

Gwaggo ba waliyyiya ba ce, tana da baki, kuma in ta kafe ta kafe. Ƙawancenta da maƙwabciya ma da faɗa ya fara. Akuyar maƙwabciya ce ta ɓalle ta shigo ta yi wa zabuwa aski har rabi. Gwaggo ta kama ta ta ɗaure a bayan madafi, ta zuba mata dusa da ruwa, ta ce ba mai kwance ta sai uwar gijiyarta. Aka yi aike, ta kore shi. Aka turo mahaifinmu, ta ce masa ya je kasuwarsa. Maƙwabciya ta taka turmi ta leƙo ta kan katanga.

"Yanzu a kan ciyawa za ki riƙe min akuya?"

"Yanzu a kan akuya za ki hau min katanga?"

Da maƙwabciya ta ga akuyarta na neman zama 'yar gida, sai ta yafa mayafi ta shigo. Gwaggo ta miƙa mata 'yar fartanya. Suka tsuguna suka dasa abin da za a iya cetowa, suna yi suna harare-harare. Kafin la'asar an dama fura. Daga ranar kusan kullum maƙwabciya na gindin ceɗiya da ɗinkin hularta, har tsufa ya cim musu tare.

Shi ma Yaya a wannan inuwar ya tashi. Shekarar da ƙyanda ta kama shi, jikinsa kamar garwashi, ɗaki ya gagare shi. Gwaggo ta shimfiɗa masa zani a bakin zabuwa inda ƙasa ke da sanyi, ta zauna a kansa da mafici, ba ta tashi sai salla. Da ya warke, shi ne mai riƙe mata ƙaramar buta da safe. Ya san labarin gwangwanin madara kamar yadda na san shi. Ina so a riƙe wannan. Ba a cikin rashin sani ya yi abin da ya yi ba.

Muka girma. Mahaifinmu ya rasu. Aure ya kai ni Yakasai, ba nisa, kusan kullum ina leƙowa. Yaya kuwa Allah ya buɗa masa a kasuwar atamfa, ya je Makka, ya yi gida a sabuwar unguwa can bayan gari. Ya yi ya yi Gwaggo ta koma wurinsa, ta ce ita da Koki sai makara.

Sai yanar ido ta fara rufe wa Gwaggo gani. A hankali ta daina gane fuska sai murya. Ba ta daina ba da ruwa ba, ƙafarta ta san hanya. Amma cire kore ya gagare ta. In na zo sai ta ja ni mu tsuguna, ta laluba ta kamo reshe. "Wannan fa, da fari ko babu?" In na ce babu, sai ta bi shi da yatsa har saiwa ta tuge. An sha yi mata maganar aikin ido, ta ce ba mai sa mata wuƙa a ido tana raye.

A wannan tsakanin Yaya ya zo da maganar gini. Ya ce 'yan kasuwa na neman wurin ajiyar kaya kusa da kasuwa ido rufe, ga fili yana zaune a banza. Ya ce saiwar ceɗiya ma ta fara tsaga bango.

Gwaggo ta ce, "Tsagar nan ta girme ka. Gidan nan da rabona a ciki, kuma ina zaune a kan rabona. Ku yi haƙuri, ba daɗewa zan yi ba. Bayan raina ku yi yadda kuka ga dama."

Ya ce, "Shi ke nan, Gwaggo. An bar maganar."

Bayan wasu watanni ya dawo wata safiya, ya same mu a tsugune muna aikinmu. Ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna kusa da ita. Ya ce ya samo likita ƙwararre, aikin ba zafi, ba daɗewa.

"Gwaggo, ba kya son ki sake ganin farin zabuwarki da idonki? Har yaushe za ki riƙa tambayar mutane?"

Ta shafa ganyen da ke ƙarƙashin hannunta. Ban taɓa ganin maganar aikin ido ta shige ta ba sai ranar.

"Wa zai ba ta ruwa in na tafi?"

"Ga maƙwabciya. Wallahi, Gwaggo, ko ganye ɗaya ba za a taɓa miki ba."

Ta laluba ta kamo hannunsa ta riƙe. "To, Babana. Na yarda." Haka take kiransa tun yana zanin goyo, don sunan mahaifinta ya ci. Ni har guɗa na kusa yi don murna.

Aka yi ido ɗaya, aka jira, aka yi ɗayan. Yaya ya ce mu zauna a gidansa har ta warke, ya roƙi maigidana ya bar ni in yi jinyarta. Ranar da aka cire mata bandeji ta ƙura min ido ta daɗe, sannan ta ce, "Ashe kin tsufa ba ki faɗa min ba." Muka yi ta dariya har da hawaye. Ta zama kamar yarinya, komai sai ta ɗauka ta juya, zanen kofi, zaren dardumar salla. Amma zancenta ɗaya ne: yaushe za a mai da ita gida. Ta ce ta san kore ya yi mata ɓarna, da ta isa ba mai taya ta, da idonta za ta zaƙulo su ɗaya bayan ɗaya. Kullum Yaya sai ya ce likita ya ce a ƙara haƙuri, hayaƙin cikin gari ba zai yi wa idon kyau ba.

Takan sa ni in kira mata maƙwabciya a waya. "Kin ba ta ruwa?" Sai a yi jim, sannan maƙwabciya ta ce, "Ke dai ki kula da idonki." Na ɗauka tsufa ne da rashin sabo da waya.

Ranar komawa ta ɗaura sabuwar atamfa, ta sa baƙin tabaran da likita ya ba ta. Yaya da kansa ya tuƙa mu, yana ta zuba surutu a hanya, abin da ba halinsa ba. Muka bar mota a bakin titi muka bi lungu. Muka shiga soro. Haske na gani a ƙarshensa. Tun da nake, ban taɓa ganin haske a ƙarshen soron nan ba.

Babu ceɗiya, ko kututturenta. Daga inda rijiya take har jikin madafi wani dogon ginin bulo ne mai ƙofofin ƙarfe. Sauran filin an malale shi da siminti, rana na dukansa tana dawowa fuska.

Gwaggo ta sa hannu ta cire tabarau. Na ce, "Gwaggo, likita ya hana." Ba ta ko ji ni ba. Ta bi wurin da kallo a hankali, da sababbin idanun nan masu ganin zaren darduma.

"Ina kuka zuba ta?"

Yaya ya ce, "Gwaggo, saiwar ta kusa kayar miki da ɗaki. Zo ki ga yadda aka gyara shi. An sa tayil, ga fanka, ga banɗaki a ciki, ba sai kin..."

"Tambayarka na yi. Ina kuka zuba ta?"

Ya sunkuyar da kai. "Leburori sun kwashe tare da ƙasar."

Ta gyaɗa kai. Ta ninke tabaran ta miƙa masa. "Da ka bar min yanata, Alhaji."

Ban taɓa jin ta kira shi Alhaji ba sai ranar. Na ga kalmar ta dake shi har sai da ya ja da baya.

Maƙwabciya ta shigo, ta zube a gabanta. Ta ce tun ranar da muka tafi Yaya ya aiko aka karɓi makulli, washegari masu sara suka iso. Ta roƙe su ta kan katanga su miƙo mata ko dunƙule ɗaya, suka ce ba a ba su wannan umarnin ba. Yaya kuma ya ja mata kunne cewa in Gwaggo ta ji, jininta zai hau, idon ya lalace, alhakin yana wuyanta.

Gwaggo ta ce, "Tashi. Ke tsoro kika ji. Tsoro daban, cin amana daban."

Washegari masu sara suka iso. Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Wato ranar da ya tattare riga ya tsuguna a gabanta yana rantsuwa, ya riga ya gama magana da masu gatari. Da na tare shi, sai ya ce in yi hankali, ciyawa ce fa, kuma ni ma ina da rabo a hayar. Na ce ya riƙe. Dangi suka taru a kaina, wai ina zuga tsohuwa a kan ganyen da ba a ci. Kowa ya ga tayil, ba wanda ya ga hannun da ta riƙe.

Gwaggo ba ta sake tayar da maganar ba. Da ma ta yi faɗa irin na ranar akuya, da na ji sanyi. In ya zo gaishe ta takan amsa, "Lafiya lau, Alhaji. An gode, Alhaji." Ta ci abincin da ya aiko, ta sa masa albarka a kasuwarsa. Amma ta saki labulen ɗakinta, ba ta fitowa sai dole. Idon da ke iya zura zare a allura ya rasa abin kallo. Da safe nakan ga hannunta ya kai kan buta, sai ta janye.

Abin ya dami Yaya, ba zan musa wannan ba. Wata rana ya sa aka shigo da tukwanen roba daga wurin masu sayar da furanni a bakin titi, da tsiro mai kama da zabuwa a ciki, aka jera a kan siminti. Gwaggo ta ɗaga labule ta duba.

"Ki kai su inuwa," ta ce min. "Su ba su yi laifin komai ba."

Na duba gidan kaf, babu inuwar da za ta wuni. Na jawo su jikin bango, rana ta bi su can. Farin ya fara ƙonewa, sannan sauran. Ba ta taɓa su ba ko sau ɗaya. Da na ce ko za ta gwada, sai ta ce, "Wannan saye aka yi. Tawa ba ni aka yi, ranar da ba ni da kowa."

Damina ɗaya ta ƙara gani. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, bai yi kama da na tafiya ba, har Yaya ya wuce Legas ɗauko kaya. Da hantsi, ina ba ta ruwa a cokali, ta riƙe min hannu.

"Ki ce wa Babana na yafe masa. Ki faɗa masa, kin ji? Kar ki riƙe."

Ta san ni sarai. Kafin azahar ta cika, da kalmar shahada a bakinta.

Yaya bai sami jana'iza ba. Ranar sadakar ukun nan, bayan mata sun watse, ana kwance rumfa, na same shi zaune shi kaɗai a dakalin soro. Zuciyata ta ce in wuce. Amma amana aka ba ni, kuma na ga abin da cin amana ke yi wa mutum. Na tsaya a kansa na isar da saƙo.

Ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Da wane suna ta kira ni?"

"Babana ta ce."

Ya kifa kai a gwiwa, babban mutum da furfura a gemu, yana kuka kafaɗunsa na rawa. Na tsaya har ya lafa. Ya share fuska da hannun riga, ya dube ni.

"Ke fa?"

Na ce, "Yaya, ni ban kai Gwaggo ba."

Na ɗauki takalmina na tafi Yakasai. Har yau muna gaisawa, zumunci bai yanke ba, don ba ta yi mana tarbiyyar yanke shi ba. Ina roƙon Allah ya sassauta min zuciya, amma ba zan rubuta ƙarya a ta'aziyyar matar da ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Duk wanda ya karanta wannan, ya sa ta a addu'a. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta. Ta goya marayu ba a roƙe ta ba. Allah ya sa ta a inuwarsa ranar da babu wata inuwa sai tasa.